Maganin Da Zahara'u Ta Ɓoye A Kwalla

Kwana goma sha tara ke nan da aka maido Zahara'u gidan mahaifinta a Birnin Kudu. A kwanakin nan babu babbar motar da za ta ratsa titi ba ta ɗaga kai ba. In ta ji an taka burki sai gabanta ya faɗi. In motar ta wuce sai ta mayar da kai jikin bango, ta ci gaba da kallon ƙasa.

Mijinta Salihu direba ne. Ya tafi Ikko ɗauko siminti, layi ya riƙe shi a tashar jirgi ta bakin ruwa, bai san abin da ake ciki a gidansa na Gwaram ba.

Shekararsu uku da aure, ko ɓatan wata Zahara'u ba ta taɓa yi ba. Uwar mijinta, Inna Hapsatu, ta gaji da zuba ido. Ta karɓo rubutu a Zandam, ta jiƙa saiwa, ta dafa sassaƙe mai ɗacin da ko akuya ba za ta lasa ba. Zahara'u ta shanye duka ba tare da ta yatsine fuska ba, don ita ma ɗan take so. Wallahi ta fi Inna so. Har 'yar hular jarirai ta saƙa ta tura ƙarƙashin katifa, in ba kowa sai ta zaro ta sa dunƙulen hannunta a ciki.

Ranar da abin ya ɓaci ana suna a maƙwabta. Inna ta shiga ɗakin Zahara'u aron kwalla, ta sauko da jeren kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe ta can ƙasa. Sai ga ambulan ɗin asibiti, da wasu ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi rawaya a ciki.

Da ta tambayi mai ɗakin tun a nan, da sauƙi. Ina! Ƙullewa ta yi a bakin zani ta tafi gidan suna, ta nuna wa wata baƙuwa da ta zo daga Kano, irin matan nan da in sun yi wata shida a birni sai su dawo sun fi likita sani. Matar ko juya ƙwayar ba ta yi a tafin hannunta ba ta ce, “Lalle kin yi suruka! Ai su ne na hana haihuwa. Kullum ɗaya ake haɗiya.”

Inna ta dawo tana huci. Ta tsare Zahara'u a tsakar gida ta ce ta faɗa mata maganin mene ne. Zahara'u ta durƙusa tana kuka, amma bakinta gum. Washegari Inna ta sa ta a mota ta ce ta je gida, sai an neme ta. Ƙwayoyin kuwa ta riƙe su.

Shirun nan yana da dalili. Shekara guda kafin aurenta mahaifiyarta ta rasu, Zahara'u ta shiga wani hali. Ba ta ci, ba ta barci, ba ta wanka sai an ja ta. Ta kan wuni a ƙuryar ɗaki hawaye na zuba ba ta san na mene ne ba. Aka yi na gida har aka gaji, sannan mahaifinta Malam Abdulsalami ya kai ta Kano a ɓoye. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ta a kan ƙwayoyin nan, ya rubuta mata kati ta riƙa karɓa a asibitin garinsu duk wata. Sannu a hankali ta dawo mutum.

Salihu ya san komai kafin ya aure ta. Amma Malam sai da ya sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ko da uwarsa ce. Ya san mutanensa. Da zarar sun ji likitan ƙwaƙwalwa za su ce hauka ce, su ce a jinin gidan take. Ga ƙanwarta Ruƙayyatu tana tasowa, wa zai aure ta?

Ana idar da la'asar a rana ta goma sha tara, sai ga ƙarar mota ta taho, ta rage, ta tsaya cak a ƙofar gida. Wannan karon ba ta wuce ba.

Ruƙayyatu ta shigo da gudu mayafi a hannu. “Yaya! Shi ne wallahi! Motarsa ce, mai koren kai!”

Zahara'u ta yunƙura, jiri ya mayar da ita. Sai da ƙanwar ta kama ta.

“Tsaya in ɗaura miki ɗankwali da kyau. Haka za ki fita kamar wadda aka tono?”

A zaure ta same shi a tsaye, rigarsa duk farin siminti, ido ja jawur. Ko gida bai zauna ba, yana jin labari ya juyo kan mota. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, “Sannu da hanya.”

Kallonta kawai yake yi, ƙasusuwan wuya sun fito, leɓe ya bushe.

“Zahara'u,” ya ce a hankali. “Yaushe rabonki da abinci?”

“Ina ci.”

“Yaushe rabonki da magani?”

Ta sunkuyar da kai.

“Katinki fa? Asibiti ga shi nan, ko kuɗin mota ba kya buƙata. Me ya hana ki zuwa ki karɓi wani?”

“Ban je ba.”

“Don me?”

Sai kuka ya ƙwace mata. Ta toshe baki da mayafi don kada Baba ya ji daga turakarsa. Salihu ya tsugunna nesa da ita kaɗan, gidan surukai ne, ba damar ya taɓa ta. Hannunsa ya miƙa ya kuma janye.

“Malam,” ta ce, don ba ta taɓa kama sunansa ba, “in Inna ta yi gaskiya fa?”

“Wace irin gaskiya? Ke da kanki kin san ba na hana haihuwa ba ne.”

“Na san ba don shi aka ba ni ba. Amma wa ya san abin da yake yi a ciki? Shekara uku! Sa'o'ina da aka kai mu ɗaki wata guda, wata goyonta na biyu take yi. Ni kullum sai in haɗiyi ƙwaya in kwanta, wata ya zo ya wuce. Sai na ce tunda Allah ya sa an ƙwace, bari in bar shi, ko mahaifar ta sake.”

“Haba Zahara'u!”

“Ka bari in gama. Kwana huɗu da barinsa sai na fara jin tashin zuciya da jiri. Ko ƙanshin miya ba na so.” Ta yi wani murmushi mai ciwo. “Na zata shi ne. Wallahi na zata shi ne, Malam. Kwana shida ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Har suna na zaɓa. Na ce in mace ce sunan Inna za a sa, ko ta huce.”

Ta share ido ta ci gaba.

“Rana ta bakwai sai ga al'ada.”

A waje injin motar yana ta ƙas-ƙas yana hucewa.

“Tun daga ranar,” ta ce, “abin nan ya dawo. Nauyin nan na ƙirji. Da safe in na buɗe ido sai in ji haushin na farka. Ina jin sa yana tahowa kamar yadda ya zo mini shekarar da Umma ta rasu, ina tsoronsa, amma ina son ɗa. To ka faɗa mini, wanne zan ɗauka?”

Salihu ya goge fuska da hannun riga. Namiji ne, direban da ya sha kwana a daji, amma ranar nan hawaye ya yi, ba wani ɓoye-ɓoye.

“Kin taɓa tambayar likitan?”

Ta ɗago da sauri. “In tambaye shi me?”

“Ko maganin yana hana ciki. Ko za a iya sha da ciki.”

“Ni? In dubi namiji baƙo in ce masa ina son ciki? Cikin fari? Ai gara ƙasa ta tsage in shige.”

Kun ji fa! Shekara uku tana zuwa gaban mutumin nan duk wata. Ya ce yaya barci, ta ce lafiya. Ya ce yaya cin abinci, ta ce lafiya. Ta karɓi ambulan ta fito. Tambayar da ke cin ranta tana nan a bakinta, kunya ta hana ta fita. Shi ma gogan naku da yake kawo ta, a gindin bishiyar asibiti yake zama yana sauraren rediyo, bai taɓa leƙawa ba. Ni dai ban san wanda zan fi jin haushi ba a cikinsu.

“Laifina ne,” in ji Salihu. “Ni ya kamata in shiga.”

“Ba laifinka. Ka riƙe ni yadda ba kowa zai riƙe ni ba.” Ta saci kallonsa. “Na yi kewarka, Malam. Duk motar da ta wuce sai in ce kai ne.”

“Ni ma a bakin ruwa ba abin da nake gani sai fuskarki. Na sayo miki atamfa, tana mota. Na zata zan same ki a ɗaki in ba ki.” Ya sauke numfashi. “Zahara'u, ba ni kaɗai na zo ba.”

Ta ɗago ta dube shi.

“Inna tana gaban mota. Ta ce da ita za a yi bikon, don tana da sharaɗi.”

Ba a jima ba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Malam Abdulsalami ya fito da carbinsa ya zauna a kan buzu. Inna Hapsatu ta shigo ta zauna can gefe, ta juya wa Zahara'u rabin baya. Salihu ya tsugunna kusa da ƙofa. Ruƙayyatu ta ajiye ruwa ta koma bakin madafi, inda take jin komai.

Aka gaisa, aka tambayi gida da damina, gaisuwar da ba ta kai zuci ba.

Inna ce ta fara. “Malam, ni ba mai dogon zance ba ce. Yarinyar nan na riƙe ta kamar 'yar cikina. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar nan. Ina ta yawon gidajen malamai da tsufana, ashe ana bina a baya ana kwance abin da nake ƙullawa.” Ta nuna Salihu. “Wannan yaron shi kaɗai Allah ya bar mini. Bakwai na haifa, shida na binne. In ban ga ɗansa ba, ɗan wa zan gani?”

Ita ma fa abin tausayi ce.

“Sharaɗina ɗaya. Ta dafa Alƙur'ani a gabanku ta ce ta bar ƙwayar nan har abada. In ta yi, yau ɗin nan ta shiga mota. In ta ƙi, ya ba ta takardarta, kowa ya huta.”

“Inna,” in ji Salihu, “don Allah ki yi haƙuri. Ba abin da kike zato ba ne.”

“To mene ne? Faɗa mini! Kai ma tun a hanya kake ce mini ba haka ba ne, ba haka ba ne. To yaya ne?”

Salihu ya buɗe baki, ya dubi surukinsa. Malam ya tsare shi da ido, ya girgiza kai kaɗan. Rantsuwa ta riƙe masa harshe. Ya sunkuya yana murza yatsu.

Malam ya yi gyaran murya. “Ai wannan mai sauƙi ne. Zahara'u, tunda kin riga kin bari, sai ki rantse a wuce wurin. Aure ya fi ƙwaya. Ruƙayyatu, ɗauko mini Alƙur'ani a ɗaki.”

Ruƙayyatu ba ta motsa ba.

“Ba ki ji ba ne?”

Ta taho ta durƙusa a gabansa. Wata mai zuwa ne za a kawo kayan sa ranarta, kowa a gidan ya sani.

“Baba, ka yafe mini. Ni nake kwana da ita. Ni nake ganin tuwon da take turawa ƙarƙashin gado. Jiya na same ta a bakin rijiya ta daɗe tana leƙawa, guga a hannu, ko jefawa ba ta yi ba. In don aurena ake wannan ɓoyon, na yafe. Wanda zai fasa ya fasa.”

“Rufe mini baki!” in ji Malam.

Inna ta juyo gaba ɗaya. “Wane ɓoyo?”

Zahara'u ta dubi mahaifinta, tsoho mai furfura da ya sayar da shanunsa biyu ya kai ta Kano. Ta dubi mijinta. Rantsuwa ɗaya ce tsakaninta da ɗakinta. In ta dafa, sai ta shiga mota, ta kwana a Gwaram. Ranta ya biya, Allah ya sani ya biya. Amma ta san inda nauyin ƙirjin nan yake kai mutum, ta taɓa zuwa bakin wurin.

“Baba,” ta ce, “shi ka rantsar. Ni ba ka rantsar da ni ba.”

Ta ja gwiwa har gaban Inna.

“Inna, ba ni da lafiya. Tun kafin in zo gidanki. Ciwon damuwa sunansa. In ya taso ba na iya ci, ba na iya barci, duniyar duk sai ta fita daga raina. Likitan ƙwaƙwalwa ne ya duba ni a Kano, shi ya ba ni ƙwayoyin da kika gani. Duk dariyar da kika taɓa ji na yi a gidanki, duk tuwon da na tuƙa miki, da taimakon Allah da taimakonsu ne. Ban taɓa shan abin hana haihuwa ba. Ki ɗaga katifata in kin koma, za ki ga abin da na saƙa.”

Malam ya saki carbi ya dafe kai. “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Inna ta ɗago kai. Ta dubi Zahara'u tun daga kai har ƙafa, kamar yau ta fara ganinta. Sannan ta juya ga ɗanta.

“Kai, ka sani?”

“Na sani, Inna.”

“Tun kafin aure?”

“Tun kafin aure.”

“Ka kyauta.” Ta gyara lulluɓi. “Kun mayar da ni mahaukaciya a gidan suna, ina nuna wa duniya maganin mara lafiya. Na kori yarinya da ciwo a jikinta, na riƙe mata magani kwana goma sha tara. Wannan alhakin a wuyan wa kuke so ya hau?”

“Na yafe, Inna,” in ji Zahara'u.

“Ban roƙe ki ba tukuna.” Ta share ido da gefen mayafi. “Tambaya biyu zan yi. Maganin nan yana hana ciki?”

“Ban sani ba.”

“Ciwon yana bin 'ya'ya?”

Zahara'u ta ji kamar an soke ta. Wannan tambayar ko ita ba ta taɓa yarda ta yi wa kanta ba.

“Ban sani ba, Inna. Ban taɓa tambaya ba. Amma gobe zan tambaya.”

Inna ta dafa ƙasa ta miƙe. “To da ni za a je. Ba aike, ba a ce an ce. Na gaji da jin magana a bakin wasu. Da kunnena zan ji abin da likitan zai faɗa. In ya ce ba komai, ni da kaina zan riƙa tuna miki lokacin sha.” Ta tsaya. “In kuwa ya ce yana bi, to kada wanda ya ga laifina.”

Ta nufi ƙofa. “Kai, tashi ka kai ni gidan ƙanwata da ke aure a garin nan, a can zan kwana. Ba na koma Gwaram sai na ji.”

Salihu ya miƙe. Malam ya shige turakarsa ko sallama bai yi ba. Ruƙayyatu tana bakin madafi tana kuka ƙasa-ƙasa.

Zahara'u ta bi mijinta har zaure. A nan ya tsaya, ya juyo. Wannan karon bai tuna da gidan surukai ba, ya kama gefen mayafinta ya riƙe.

“Da kin rantse da yanzu muna hanya,” ya ce.

“Na sani.”

“Ban ce kin yi kuskure ba. Ina dai faɗa ne. Ɗakin nan ba ya shiguwa in ba kya ciki.”

“Ni ma nan ba ya zaunuwa.”

Daga waje Inna ta buga ƙofar mota. “Kai! Sai magariba ta yi mana a nan?”

Ya saki mayafin a hankali. Ya kai bakin ƙofa ya sake waiwayowa, tsoro ƙarara a fuskarsa.

“Zahara'u, in ya ce yana bi fa? In ya ce sai dai ki zaɓa, ko maganin ko ciki?”

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

“Ina son ɗanka, Malam. Ina son sa kamar in mutu. Amma ba na so in mutu.” Ta ja numfashi. “Ko me ya ce gobe, ko me Inna ta yanke, ba na fitowa daga asibitin nan sai da maganina a hannu. Ka zo da wuri.”